Bayani a Kan Masu Shiga Tsakanin Mai Dukiya da Mai Neman Jari

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, amintaccen Makka, wanda ya yi fatauci zuwa Sham da dukiyar Nana Hadiza tun ba a aiko shi ba, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwana malamai da 'yan kasuwa, abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau wani al'amari ne da ya iske ni a zaurena, nan Soron Ɗinki cikin birnin Kano. Wani tsohon almajirina da ya sauke a hannuna, yanzu yana sayar da yadi, ya zo bayan lisha ya zauna gefen buzu, ya daɗe bai ce uffan ba. Da na matsa masa sai ya ce jarinsa ya tafi. Wasu mutane ne suka buɗe ofis, suka laƙaba wa sana'arsu sunan Larabci, suka ce mudaraba suke yi: wanda ya kawo dubu ɗari za a riƙa ba shi dubu ashirin kowane wata, uwar kuɗinsa kuma tana nan ba mai taɓa ta. Ya karɓi na wata uku, ya ga kamar abin gaskiya ne, sai ya kwashe abin da ke shago ya ƙara, har ya jawo innarsa ta sayar da 'yan kunnenta na zinariya. A wata na biyar aka wayi gari ofis a garƙame.

Na ce masa, "Wace sana'a suka ce suna yi da kuɗin?" Ya ce bai tambaya ba. Na ce, "Wa ya san su a garin nan, wa ya tsaya musu?" Ya ce ba kowa. Na ce, "Haba yaro, ba a wannan zauren muka karanta babin ƙiradi a Risala da kai ba?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah gafarta Malam, mun karanta, amma ban san da kasuwar yau ake ba."

Wannan amsa ta kwana a raina. Na ga laifin ba nasa kaɗai ba ne, mu ma da muke karantarwa muna da kaso a ciki, domin mun fassara masa kalmomi, ba mu nuna masa inda suke tafiya a Kurmi da Kwari ba. Saboda haka na yi niyyar in tattara abin da na sani daga littattafanmu, da abin da na ji daga dattawa, da abin da 'ya'yanmu da suka yi karatu a Jami'ar Bayero suka karanta mini daga binciken masana, ko Allah ya sa a amfana.

Ma'anar shiga tsakani

Ku sani, a kowane gari akwai mutum iri biyu. Akwai mai dukiyar da ba ya da lokaci ko ƙarfi ko basirar juya ta, kamar tsohuwa da maraya da ma'aikaci. Akwai kuma mai ƙarfi da basira wanda hannunsa ba komai. Da waɗannan biyu za su haɗu da kansu cikin sauƙi, da ba a bukaci kowa a tsakani ba. Amma abu uku ke raba su. Na farko nisa, domin mai kuɗi yana Kano, haja tana Gwanja ko Ikko ko Sin. Na biyu lokaci, domin mai kuɗi yana son ya ɗauki abinsa ran da bukata ta taso, mai nema kuwa yana son a bar masa har kaka ko har ayari ya komo. Na uku, wanda ya fi sauran nauyi, rashin sani: mai kuɗi bai san halin mai nema ba, bai san ko mai gaskiya ne ba, in kuwa ya dawo ya ce an yi asara, ba shi da hanyar tantancewa.

Duk wanda ya tsaya ya toshe waɗannan gurabe uku, ya ci abinci da hakan, shi ne mai shiga tsakani. Fatoma da dillali da uwar adashi da ɗan canji da mai POS da banki duk gida guda suka fito ta wannan fuska. A jami'o'in duniya wannan fanni ne mai zaman kansa a cikin ilmin tattalin arziki, ana rubuta littattafai a kansa, kuma a Jami'ar Bayero akwai cibiya ta musamman mai koyar da harkar banki da kuɗi bisa tsarin Musulunci. Abin da zai ba ku sha'awa shi ne, wani yanki na wannan ilmi a kasuwanninmu da ƙauyukanmu aka zo aka koyo shi.

Zamanin wuri da ayari

Kasuwar Kurmi, wadda daga unguwarmu da ƙafa ake zuwa, Sarki Muhammadu Rumfa ne ya kafa ta, shi kuwa ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Lokacin da Baturen Jamus mai suna Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da Abdulkarimu, ya shigo Kano a 1851, ya tarar wuri ne kuɗin kasuwa, ana canjin wuri 2,500 a kan liyari guda na azurfa. Wuri 20,000 shi ake kira keso, kayan mutum guda ke nan, amma darajarsa liyari takwas kacal. To, ku auna attajirin da zai sayi goro na keso ɗari a Salaga. In ya ce zai ɗauki wuri, sai ya ɗauki 'yan alaro ɗari, su ci su sha a hanya, ga 'yan fashi, ga kuɗin fito a bakin kowane kogi. Don haka fatake suka fi tafiya da haja, kanwa da turkuɗi da fatu, su musanya, sauran kuma ya tsaya a kan bashi da amana.

Fataken goro na ƙasar Kano, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, waɗanda Paul Lovejoy ya rubuta tarihinsu cikin littafin da aka buga a Zariya a 1980, ba kowa ne a cikin ayarinsu yake tafiya da jarinsa ba. Attajiri yakan zauna gida ya ba ɗansa ko baransa ko wani amintacce dukiya, a tafi a ƙarƙashin madugu, a daɗe watanni, in an komo a fid da uwar kuɗi a raba riba. A kowane babban zango kuma akwai maigida, wanda a nan muke cewa fatoma. Shi ne zai sauke baƙo, ya ba shi ɗaki da abinci, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya gaya masa wane ne mai biya a garin, wane ne mai taurin bashi. In aka sayar da kayan baƙo bashi, maigida ne yake tsayawa, domin baƙo bai san mai saye ba, maigida ya sani. Dakta Mahdi Adamu, cikin littafinsa na 1978, ya nuna yadda zangunan Hausawa suka bazu a Afirka ta Yamma, kuma irin wannan tsari ne ya riƙe su.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 aka shiga cinikin gyaɗa, tsarin bai mutu ba, riga kawai ya sake. Kamfanin Turawa ba ya san manomin Bichi ko na Gezawa, saboda haka sai ya ba attajirin Kano kuɗi kafin kaka, attajiri ya rarraba wa yaransa, su bazu ƙauyuka da sikeli. Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne Alhasan Ɗantata, Ba'agale, wanda ya taso cikin fataucin goro ya rasu a 1955. Ana ruwaito cewa a 1929 ya kai kayan raƙumi ashirin na sulallan azurfa ajiya a bankin Ingilishi na Afirka ta Yamma da ke Kano, wanda daga baya ya zama First Bank. Kun ga inda tsohuwar hanya ta gamu da sabuwa.

Abin da masu bincike suka gano a wurinmu

A 1962 da 1963 wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan yana nazarin Hausawan can, ya buga bayani a kan bashi a kasuwar shanu a 1965, sannan littafi a 1969. Ga abin da ya gani. Falke ya koro shanu daga Arewa, ya sauka gidan maigida. Mahautan gari Yarabawa ne, yawancinsu ba su da kuɗin biya nan take, sai sun yanka sun sayar. Falke bai san su ba, ba ya jin harshensu, ba takarda, ba jingina. Duk da haka ana sayar da shanu bashi na 'yan makonni, kuɗi kuma suna fitowa. Dalili kuwa, maigida da dillalansa sun san kowane mahauci: shanu nawa yake iya sayarwa, wa yake binsa, yaushe ya taɓa saɓa alkawari. Mahaucin da ya ƙi biya, sai masu gida su haɗa kai su hana shi shanu har ya biya. Maigidan da ya bar kuɗin baƙonsa ya nutse kuwa, labari zai riga shi isa Arewa, baɗi ba mai sauka gidansa. Cohen ya lura kuma da cewa shigar mutanen Sabo ɗariƙar Tijjaniyya a farkon shekarun 1950, da haɗuwarsu kullum wajen salla da wazifa, ya ƙara ɗaure su da juna, har cin amana ya zama abu mai tsada ƙwarai ga mai yinsa.

Bincike na biyu ya fi kusa da mu. A 1988 da 1989 wani masanin tattalin arziki Ba'amurke, Christopher Udry, ya bi gidaje wajen ɗari biyu a ƙauyuka huɗu kusa da Zariya yana rubuta bashin da suke ci da wanda suke bayarwa. Ya tarar kusan duk bashin tsakanin 'yan'uwa ne da maƙwabta, ba rubutu, jingina kuma ba safai ba. Abin da ya fi jan hankalin masana shi ne, biyan ba a ƙayyade yake ƙam ba. In ambaliya ko ƙwari ko ciwo ya sami wanda ya ci bashin, sai a sassauta masa a jinkirta. In kuwa mai bin bashin ne masifa ta samu, sai wanda ake bi ya gaggauta ya kuma kyautata. Ba mai iya yin ƙaryar asara, domin gonarsa a idon kowa take, wanda ya ƙi biya da gangan kuwa a kai shi gaban dattawa ko mai gari, ya sha kunya. Masana suka ce wannan bashi ne da ya haɗa da taimakon juna a kan masifa. Mu kuwa mun san asalinsa, domin aya ta 280 cikin Baƙara ta yi umarni da a saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu.

Amma binciken ya nuna iyakar wannan hanya. Bashin ba ya ƙetare ƙauye sai kaɗan, domin sanin juna a bakin ƙauye yake tsayawa. In fari ya game ƙauyen duka, kowa mai nema ne, ba mai bayarwa. Nan ne ake bukatar wanda hannunsa ya kai garuruwa da yawa, ya ɗebo daga inda aka samu ya kai inda aka rasa.

Banki da inda rauninsa yake

A 2022 an ba wasu masana uku na Amurka, Ben Bernanke da Douglas Diamond da Philip Dybvig, lambar Nobel saboda bincikensu a kan banki. Diamond da Dybvig sun yi bayaninsu tun 1983, ga shi a taƙaice. Masu ajiya suna son kuɗinsu ko yaushe, masu karɓar jari suna son wa'adi mai tsawo. Banki yana iya gamsar da su duka saboda ya san ba rana guda masu ajiya za su zo ba, sai ya riƙe kaɗan a hannu ya ba da saura. Misalinsa rijiyar unguwa: in ana ɗiba bi da bi tana isar kowa shekara da shekaru, amma in aka ce za ta ƙafe, kowa ya fito da tulunansa sa'a guda, kafin azahar sai a tarar da laka. Haka jita-jita kaɗai kan iya kayar da banki ko da lafiyarsa lau. Maganin da suka ambata shi ne hukuma ta lamunce wa masu ajiya, don kada tsoro ya sa su ruguguwa.

A 1984 Diamond ya ƙara da cewa babban aikin banki shi ne sa ido a madadin jama'a. Maimakon mutum dubu kowa ya bi mai karɓar jari yana bincikensa, sai a wakilta guda ya yi, shi kuma ya rarraba dukiyar wurare da yawa don kada faɗuwar mutum ɗaya ta tafi da duka. Da aka karanta mini wannan sai na ce, ai wannan aikin maigidan Sabo ne, sai dai shi a ƙwaƙwalwa yake riƙe lissafinsa.

Ƙasarmu ta ga gaskiyar wannan magana ba sau ɗaya ba. A ƙarshen shekarun 1940 da farkon 1950 an buɗe bankunan 'yan ƙasa barkatai a kudu, galibinsu suka rushe da kuɗin mutane cikin 'yan shekaru, a wannan zamani ne aka yi dokar banki ta farko a 1952. Babban Bankin Nijeriya ya fara aiki a 1959. Gab da samun mulkin kai aka kafa Bankin Arewa, wanda hedkwatarsa ta zauna a Kano, har aka narkar da shi cikin Unity Bank a 2006, bayan da aka wajabta wa kowane banki jarin naira biliyan 25, bankuna 89 suka koma 25. An kafa hukumar NDIC mai lamunce ajiya a 1988. A Janairun 1998 an rufe bankuna 26 lokaci guda. A 2009, zamanin da Malam Sanusi Lamiɗo Sanusi yake gwamnan Babban Banki, an cire shugabannin bankuna takwas aka zuba naira biliyan 620 don kada su nutse. A 2024 an ɗaga abin da NDIC take lamunce wa kowane mai ajiya a babban bankin kasuwanci daga naira 500,000 zuwa miliyan 5, a watan Yunin shekarar kuma aka soke lasisin Heritage Bank. Banki dai yana faɗuwa, amma in ya faɗi akwai ƙofar da za a buga. Ofishin da ya cinye almajirina kuwa ba shi da rajista a wurin kowa, kamar yadda waɗanda MMM ta rufe wa asusu a Disambar 2016, da waɗanda CBEX ta tafi da nasu a Afrilun 2025, suka rasa wanda za su riƙe.

Mai cewa gara ya binne abinsa a shago shi ma bai tsira ba. Gobarar kasuwar Sabon Gari ta watan Maris 2016 ta cinye dubban shaguna da abin da ke cikinsu. Sauyin takardun naira da aka sanar a Oktoban 2022 kuwa ya jefa mu cikin ƙuncin da ba mu manta ba a farkon 2023, mai tsohon kuɗi a gida yana tsoron su mutu a hannunsa, mai kuɗi a banki ya kwana a layi bai samu ba, har Kotun Ƙoli ta yi hukunci ran 3 ga Maris 2023 cewa tsofaffin takardu su ci gaba da aiki. A waɗannan kwanaki mutane sun sayi naira da naira a hannun masu POS, aka yi ta kawo mana tambaya a kan hukuncinsa. Abin da na amsa shi ne, ladan aikin kawo kuɗi da hidimar na'ura halal ne in an san shi, amma ƙarin da yake hawa saboda ƙuncin mutane har ya zama sayar da dubu goma a kan dubu goma sha uku, wannan ya fita daga ijara ya shiga abin da aka hana.

Abin da littattafanmu suka tanada

A nan sai in tunatar da mu wani tarko na harshe. Bahaushe yana kiran amfanin ciniki riba, alhali abin da Alƙur'ani ya haramta a aya ta 275 cikin Baƙara shi ma da wannan lafazi ake karanta shi. Kalmomi biyu ne daban a Larabci. Ta ciniki halal ce, haramtacciyar ita ce wadda muke kira kuɗin ruwa, watau ƙarin da aka sharɗanta a kan bashi.

Imamu Malik ya kawo cikin Muwaɗɗa labarin Abdullahi da Ubaidullahi, 'ya'yan Sayyidina Umar. Suna komowa daga Iraƙi suka biya ta Basra, Abu Musal Ash'ari ya ba su dukiyar baitulmali da yake son aikawa Madina, a kan su sayi haja da ita, su sayar can, su ba da uwar kuɗi su riƙe riba. Da suka isa, Umar ya ƙi, domin ba a yi wa sauran mayaƙa haka ba, ya nemi su kawo duka. Ubaidullahi ya kafa hujja da cewa da dukiyar ta halaka su za su biya. Daga ƙarshe aka mai da abin ƙiradi, baitulmali ya ɗauki uwar kuɗi da rabin riba. Ku duba, a labari guda ga aika kuɗi daga gari zuwa gari, ga jari, ga tambayar wa ke ɗaukar asara, ga kuma tsoron kada mai mulki ya fifita nasa.

Sharuɗɗan ƙiradi a mazhabarmu sanannu ne. Jari ya zama kuɗi tsaba sananne. Rabon riba ya zama da kaso, rabi ko sulusi ko rubu'i, ba adadi yankakke ba. In aka yi asara ba da sakaci ba, mai dukiya ya rasa dukiyarsa, mai aiki ya rasa wahalarsa. In aka sharɗanta wa mai aiki lamunin uwar kuɗi, ƙiradin ya ɓaci. To, duk wanda ya ce maka zai ba ka kaza kowane wata kuma uwar kuɗinka ba za ta taɓu ba, ya karya sharaɗi biyu a numfashi guda, ko da wane suna ya kira abin. Ko dai bashi ne da ruwa, ko kuma kuɗin wanda ya shigo bayanka ake ba ka, ran da masu shigowa suka ragu kuwa sai a kulle ofis. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Haka babin ajiya. Wanda aka ba amana, in ta halaka ba da sakacinsa ba, ba ya biya. Amma in ya taɓa ta ya juya, ta koma wuyansa. Tun da banki juya kuɗin ajiya yake yi, malamai suka ce hukuncinsa hukuncin bashi ne: wajibi ne ya mayar ko ya yi asara, ƙarin da ya sharɗanta kuma kuɗin ruwa ne, kamar yadda taron malamai na Azhar ya tabbatar a 1965. Akwai kuma hawala, watau mai da bashi daga wuyan wani zuwa wuyan wani. Akwai salam, a biya kuɗi yanzu a karɓi hatsi siffatacce a wa'adi sananne. Akwai jingina, wadda ba ta cika sai an karɓe ta a hannu. Akwai lamuni, wanda malamanmu suka ce don Allah ake yinsa, ba a karɓar lada a kansa, saɓanin la'adar dillali wadda ladan aiki ce. Har takardar da ɗan kasuwa zai ba da kuɗi a wannan gari ya karɓa a wancan, Shaihu Halilu ya yi magana a kanta cikin Muhtasar, ya hana in bashi ne mai jawo amfani, ya yi rangwame in tsoron hanya ya game.

A kan waɗannan babuka aka gina bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa. Babban Banki ya fitar da ƙa'idojinsu a 2011, Jaiz ya buɗe a Janairun 2012 da rassa a Abuja da Kaduna da Kano, TAJBank ya biyo a 2019, Lotus a 2021, gwamnatin tarayya kuma ta fitar da sukuk na farko na naira biliyan 100 a 2017 don gyaran hanyoyi. Amma akwai abin da ya kamata a faɗa. Irin waɗannan bankuna, a nan da sauran ƙasashe, sun fi yin murabaha, watau su sayi kaya su sayar maka da ƙarin da aka sani zuwa wa'adi, ƙiradi na gaskiya kuwa kaɗan suke yi. 'Yan kasuwa suna ƙorafi a kan haka, suna cewa ina bambancin? Bambanci yana nan in an cika sharaɗi, watau bankin ya mallaki kayan da gaske kafin ya sayar, kuma bashin ba ya ƙaruwa don an yi jinkiri. Dalilin gudun ƙiradi kuwa shi ne gurbin nan na uku da muka ambata. Maigidan Sabo ya san mahaucinsa, manomin Zariya yana ganin gonar maƙwabcinsa, amma ma'aikacin banki bai san abin da ya shiga shagonka jiya ba. In ba ka da littafin lissafi, da me zai san ribar da za ku raba?

Nasiha

Ga 'yan kasuwa, abu huɗu nake roƙo. Kafin ka miƙa dukiyarka ga kowa, tambayi sana'ar da za a yi da ita har ka gane ta da hankalinka, in an kasa yi maka bayani ka riƙe abinka. Tambayi wanda ya tsaya masa: in mutum ne, wa ya san shi, in kamfani ne, wace hukuma ta ba shi izini, ka kuma bincika da kanka, kada ka tsaya ga takardar da ya rataya a bango. Kada ka zuba duka wuri guda, kuma kada ka jawo dukiyar mata da marayu cikin abin da kai ma ba ka fahimta ba. Na huɗu, ka rubuta. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 cikin Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Kakanninmu sun dogara ga sanin juna saboda garin ƙarami ne, yau kuwa Kano ta yi girman da maƙwabci bai san maƙwabci ba. Littafin da kake rubuta shige da fice kullum, ko da ajami ne, shi zai tsaya maka matsayin shaidar maigida ran da ka je neman jari, shi zai kuma hana 'ya'yanka rigima ran da aka zo rabon gado.

Ga 'yan'uwana malamai kuwa, mun ba babin tsarki da salla shekaru, muna isa babin ciniki sai mu yi sauri kamar ana korarmu, alhali almajiranmu galibi kasuwa za su. Ya kamata in mun zo ƙiradi mu ɗauko takardar yarjejeniyar banki ta gaske, mu sa wanda ya iya boko ya karanta, mu auna ta da Risala sharaɗi bayan sharaɗi. Mu kuma ji tsoron Allah a kan sunayenmu, domin masu damfara sun gane cewa hoton malami a wajen buɗe ofis ya fi musu kowace talla. Malamin da ya sa albarka a abin da bai bincika ba ya zama mai lamuni bai sani ba, kuma za a tambaye shi.

Almajirina ya koma kasuwa. Wani dattijo da ya san mahaifinsa ya ba shi yadi a kan ƙiradi, riba biyu bisa uku ga mai aiki, aka rubuta a zauren nan gaban shaidu biyu, kowace Juma'a kuma yana kai littafinsa a duba. Bashin innarsa yana biya kaɗan kaɗan, bai gama ba tukuna.

Allah ya tsare mu da cin dukiyar mutane da ɓarna, ya sa albarka a kasuwanninmu, ya ba mu ikon mayar da amana ga masu ita. Abin da na yi daidai daga Allah ne, kuskure kuwa nawa ne, malamai su gyara. Allah shi ne mafi sani. Haza wasalam.